Haƙorin da Na Ɗauko daga Akwatin Tata

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, bari in riga ku: ni Vasemaca na tafka wautar da ko 'yar shekara goma ba za ta yi ba. Duk inda kuka ga na yi tuntuɓe a rubutun nan ku yi min uzuri.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san inda aka kwana. Sababbin zuwa kuma ga shi a taƙaice. Shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani a nan Lautoka. Ranar Asabar da ƙarfe biyu nake buɗe zauren cocinmu saboda ɗaliban da ke zuwa Fiji koyon Turanci, yawancinsu 'yan Japan, sai tsirarun 'yan Koriya. Ba makaranta ba ce, kulob ne. A makarantarsu ana cika musu kai da nahawu, amma ka tare ɗaya a tashar bas ka ce masa ina za ka, sai ya yi ta sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata. Ni aikina in sa su buɗe baki. Wanda ya kuskura ya yi yarensu a zaure sai ya tashi ya yi mana waƙa. Kowane mako kuma mutum ɗaya zai kawo wani abu daga gida ya yi magana a kansa na minti uku.

Sai kuma Kosuke. Hmm.

Ɗan Japan ne, watansa takwas a kulob ɗin. Dogo ne siriri mai tabarau, shi ke fara zuwa ya jera kujeru, shi ke fita ƙarshe. Yakan raka ni tasha, ya tsaya har bas ta tashi, sannan ya rusuna wa bas ɗin. Eh, bas ɗin. Yana da wani ɗan littafi a aljihun gaba da yake rubuta duk abin da na faɗa, kuma duk abin da ya shiga littafin nan ya zama doka. Wata rana da wasa na ce duk mai son ya faranta min ya kawo min abarba daga wurin tsohuwar da ke bakin ƙofar kasuwa. Tun daga ranar ba Asabar ɗin da ta wuce ban koma gida da abarba ba, har Nana, mahaifiyata, ta ce ko gona na saya. Amma magana? Wata takwas, saƙon da ya fi tsawo da ya taɓa turo min shi ne: "Na gode da yau, Vase-san. Za a yi ruwa. Ki ɗauki lema." San ɗin nan girmamawa ce irin ta 'yan Japan.

Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi, ba tare da ta yi shawara da ni ba.

Ana cikin haka, Lahadin makon jiya, motoci biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Dangin Semesa ne daga garin Ba. Semesa soja ne, ɗan aminin Tata, mahaifina, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ba shi da wani aibu sai dai ba shi nake so ba. Kawunsa, Momo Apakuki, ya durƙusa a tabarma ya miƙa tabua da hannu biyu yana neman aurena. Ga wanda bai sani ba, tabua haƙorin ƙaton kifin nan ne na teku, wanda ake ɗaure wa igiyar zaren kwakwa. A wurinmu ba a neman mace, ba a roƙon gafara, ba a binne babba sai da shi.

Bayan sun tafi Tata ya kira ni.

"Vase, ba zan yi miki dole ba. Lahadi za su dawo jin amsa. In kin ce to, haƙorin ya zauna a akwatina. In kin ce a'a, in mayar musu da abinsu da hannu biyu, in ɗora namu a kai don kada zumunci ya tsinke."

"Namu? Na Kaka?"

"Muna da wani ne?"

Guda ɗaya tilo gare mu, wanda kakana ya bari. Nana kuwa ba ta jira ya rufe baki ba ta leƙo daga kicin da wuƙar ferar rogo a hannu.

"A'a ta me? Yaro da aikinsa, da gidansa na bulo! Ke shekara nawa kike jira ki kai? Sa'o'inki duk sun yi biyu-biyu, ke kina can kina koya wa baƙi yadda ake gaisuwa. In sun iya su hau jirgi su tafi, su bar ki da abarba."

Mako guda ina shan wannan karatun safe da yamma. Ni kuma abu ɗaya ke cin raina: Kosuke bai san ma ana yi ba. In na faɗa masa kai tsaye, kamar na yi tallar kaina ne. In na yi shiru, shi ma shirun zai yi har a ɗaura. Nan shaiɗan ya raɗa min dabara. Wannan makon layina ne na kawo abin magana.

Ranar Asabar tun da safe Tata ya tafi gona, da rana kuma Nana tana waje tana shanya. Makullin akwatinsa a cikin littafin waƙoƙin coci yake ajiye shi, na san da haka tun ina ƙarama. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ga su nan su biyu, kowanne a naɗe cikin ƙyallen ɓawon itace. Na ɗauki na su Semesa. Yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, launinsa kamar zuma saboda shekarun da ya yi yana shan mai da hayaƙi, bakinsa ya ɗan ɓantare, igiyarsa kuma an saƙa wani jan zare a cikinta. Na ce a raina awa uku ne kacal, kafin Tata ya wanke ƙafa na mayar.

Ku ji fa, awa uku. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Mutum goma sha huɗu suka zo ranar, don ana sallama da Minori, wata 'yar fara'a da za ta koma Japan washegari. Da na warware ƙyallen sai zauren ya ɗauki "eeeeh" ɗin nan nasu mai tsawo. Na ɗaga shi da hannu biyu, na yi Turancina a hankali yadda kowa zai gane, amma Allah ya sani mutum ɗaya nake yi wa.

"Wannan ba kayan ado ba ne. In namiji yana son mace, ba ya tsayawa yana kallonta wata da watanni. Wannan yake ɗauka ya kai wa mahaifinta."

Minori ta ɗaga hannu. "In bai kai ba fa?"

"Wani ya riga shi."

"Kai! Yaushe ake kaiwa?"

"An fi kaiwa ranar Lahadi, bayan an taso coci," na ce, idona cikin na Kosuke. "Kuma Lahadi ba ta jiran kowa."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya sunkuya yana rubutu a ɗan littafinsa kamar zai huda takardar. Na so in ƙara da cewa wannan ɗin ma wani ne ya kawo saboda ni, don ai dalilin ɗauko shi ke nan. Sai kunya ta shaƙe ni a gaban mutane, na haɗiye. Na nannaɗe shi, minti ukuna suka cika, aka yi tafi.

To, muna da wata al'ada a kulob. Duk ranar sallama kowa zai zo da 'yar tsaraba a naɗe, a zube a teburin bakin ƙofa. In an tashi kowa ya ɗauki ɗaya ya wuce, ba a buɗewa sai an je gida, ba a kuma tambayar na wane ne. Ni da kaina na ƙirƙiro ta. Ina riƙe da ƙunshin haƙorin aka shigo da kek, Minori ta fashe da kuka ta rungume ni, wani yana miƙo min wuƙa, wata tana cewa a yi hoto. Na ajiye shi a gefen teburin da ya fi kusa da ni. Na tuna ma na ɗaga kai na ga Kosuke yana kallona, har na yi masa murmushi.

Sai da kowa ya watse, ina kwashe kofuna, na lura da abu biyu. Kosuke bai tsaya raka ni ba, karo na farko a wata takwas. Teburin bakin ƙofa kuma wayam, sai wani ɗan ƙunshi guda da aka bar min.

Na buɗe da sauri. Sabulu ne.

'Yan uwa, sabulu fa! Na zube a ƙasa. Na rarrafa ƙarƙashin tebur, na zazzage jakata, na juye kwandon shara har da ragowar kek. Na duba bayan allon waƙoƙi, inda na san ko aljani bai kai shi can ba. Sai "na shiga uku" nake ta maimaitawa ni kaɗai a zaure.

Minori ce ta fara faɗo min a rai. In ita ta ɗauka, gobe da safe za ta ratsa filin jirgin Nadi da shi a jaka, kuma abin nan ba a fita da shi ƙasar waje haka kawai. Ga ni na jefa kaina, ga 'yar mutane. Na kira ta ta bidiyo.

"Vase-san! Har kin yi kewata?"

"Minori, buɗe ƙunshinki yanzu, ina gani."

"Amma doka ta ce sai…"

"Ni na kafa dokar, ni na karya ta. Buɗe!"

Ta buɗe. Mafici ne na kaba. Ta ɗaga shi tana fifita tana dariya, sai da ta ga fuskata dariyar ta ɗauke.

Ba damar in fito fili a zauren hirarmu na waya, don rabin ɗaliban a gidajen 'yan cocinmu suke zaune. Kalma ɗaya ta fita, kafin in kai gida ta riga ni isa kunnen Nana. Sai na rubuta: "Wanda ya ɗauki ƙunshi mai nauyi a ƙyalle ruwan ƙasa ya kira ni, an samu kuskure." Amsoshi suka fara shigowa da hotuna. Kofi. Safa. Sarƙar ƙwanson teku. Wani ɗan Koriya ya turo hoton gwangwanin kifi da fuskar kuka. Na ƙirga, sha uku. Saƙon mutum ɗaya ne bai ma shiga ba.

Na tari tasi zuwa unguwar Simla, gidan Anti Kamla, Ba'indiyar da Kosuke ke zaune wurinta. Na same ta tana murza roti, gurasar Indiyawa, hannu duk gari.

"Malamar Asabar! Shigo ki ci abinci, kin rame."

"Anti, Kosuke fa?"

"Wannan yaron? Ya shigo kamar an koro shi, ya kulle ɗaki, ya yi ta magana shi kaɗai. Sai ga shi ya fito da jaka, wai zai kwana wurin abokinsa a Nadi, gobe yana da babbar jarrabawa, ya kashe waya kada a dame shi. Na ce wace irin makaranta ce ke jarrabawa ranar Lahadi? Ya rusuna min ya wuce."

"Ba ki ga wani ƙunshi a hannunsa ba?"

"Ni dai na ga leda daga shagon tela. Me ya faru, 'yata? Kin ga fuskarki kuwa?"

Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi ƙara. Nana ce: "Kina ina? Kwakwa ashirin na jiran a kankare. Ko baƙin gobe iska za su ci?"

Da a ce hankalina na jikina, da na haɗa ɗaya da ɗaya tun a nan. Amma mai tsoro ba ya lissafi. Abin da na ɗauka shi ne maganata ce ta firgita shi ya gudu, ya tafi da haƙorin mutane a jaka yana zaton tsarabar da ta faɗo masa ce.

Ban ga amfanin ba ku labarin yadda na kwana ba, don ban kwana ba.

Da safe Nana ta shimfiɗa min sabon ɗinki a gado, riga da zani shuɗi mai fararen furanni, hannun rigar da leshi. Ta shafa min man kwakwa a gashi da kanta, ta soka min fure a bayan kunne, tana 'yar waƙarta. A coci ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Duk lokacin da Tata ya buɗe littafin waƙoƙinsa sai in saci kallonsa, ko da yake na mayar da makullin inda yake. Ina ta leƙa waya a ƙarƙashin mafici. Saƙona na nan yadda na tura shi, bai shiga ba.

A hanyar dawowa ne wani tunani ya zo min, kuma shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa muku. In na ce a'a, Tata zai tashi a gaban baƙi ya buɗe akwati, ya tarar da ɗaya maimakon biyu. Haƙorin kakan mutane, wanda ba a sayen irinsa a kasuwa. Wa zai yarda ɓata ya yi? Za a ce mun ci amana, mun riƙe abu mun hana 'ya. Tata da ke riƙe da makullin coci shekara ashirin ba zai ƙara ɗaga kai a gaban dangin Semesa ba. Amma in na ce to, ba mai buɗe akwatin nan. Zai zauna a rufe wata da watanni, har in samu Kosuke in karɓa in mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Kalma ɗaya ce, harafi biyu. In faɗe ta in tsira da mutuncin Tata, in biya da sauran rayuwata.

Ƙarfe ɗaya suka iso. Hayaƙin ramin gashi ya cika gidan, ƙamshin naman alade da gwaza da ganyen da aka dafa da madarar kwakwa, abincin da nake so amma ranar ko kallonsa ban yi ba. An kwashe kujerun falo an shimfiɗa manyan tabarmi. Maza suka zauna zagaye da akushin kava, jiƙon saiwar nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙo a duk taronmu, Momo Apakuki a sama kusa da Tata, Semesa a gefe da farar riga da baƙin zani irin na mazanmu, 'yan uwansa uku majiya ƙarfi a bayansa. Mu mata muna can ƙasa wajen ƙofar kicin.

Tata ya same ni a wajen ramin gashi kafin ya shiga.

"Vase, me zan ce musu?"

Na buɗe baki. Na rantse na yi niyyar faɗa masa komai. Sai na ga yadda ya goge rigarsa, na ga furfurar da ke gefen kunnensa, maganar ta maƙale.

"Tata, ka bari a gama zagayen farko."

Ya dube ni ya daɗe. "Jikinki rawa yake."

"Zafin wuta ne."

Ya juya ya shige.

Aka yi zagayen farko. Kowane tafi da aka yi da kwarmin hannu ji nake kamar a ƙirjina ake yinsa. Semesa ya ɗago ya yi min ɗan murmushi, irin na mutumin da bai san komai ba, sai tausayinsa ya ƙara min wani nauyin. Nana ta matso ta mintsine ni a cinya.

"Saki fuskar nan, ba makoki ake ba. Kuma in kika kunyata ni yau, ki nemi wata uwar."

Ƙoƙon ƙarshe ya koma akushi.  Tata ya gyara murya.

"Vasemaca, matso."

Na taso a duƙe na zauna a gefen tabarma.  Allah na tuba, "to" ɗin ce a kan harshena. Na riga na haɗa leɓe zan furta ta.

Sai muka ji tsayuwar mota da rufe ƙofa.

Kowa ya juya. Ta tagar katako na hango tasi tana juyawa, na kuma hango mutum yana cire takalmi a bakin matakala, yana jera su daidai da juna. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke jera takalmi haka. Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidanmu, lokacin da na kawo 'yan kulob cin abincin Kirsimeti, ashe har kwatancen ya shiga littafin.

Kosuke ne, sanye da sabon zanin maza ruwan toka da ko karin ninkinsa bai fita ba, da farar riga da lakatai. Ya shigo a duƙe kamar yadda na koya musu, yana neman afuwa a hankali, da damin saiwar kava a hammata. A hannunsa kuma ƙyallen ɓawon itace ne ruwan ƙasa.

Wayyo ni. A daƙiƙar nan komai ya faɗo min lokaci guda. Kallon da na yi masa. Lahadi ba ta jiran kowa. Ƙunshin da na ajiye a teburin ɗauka, na kuma yi masa murmushi. Bawan Allah ya rubuta duka a littafinsa, ya ɗauka aike ne.

Na yi ƙoƙarin girgiza masa kai, amma bai kalli ɓangaren mata ba, don na taɓa ce musu ba a yi. Ya durƙusa a gaban Tata, ya ajiye kava, ya tafa sau uku. Wani daga cikin 'yan uwan Semesa ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Wannan ɗan yawon buɗe ido ne ya ɓata hanya?"

"Bar shi, ka ga har zani ya iya ɗaurawa."

Kosuke ya warware ƙyallen. Ya ɗaga haƙorin da hannu biyu, igiyar a dama, yadda ya ga na yi. Turancinsa na ɗingishi, amma bai duba takarda ba, ya haddace.

"Ranka ya daɗe. Sunana Kosuke. Ni ba ni da dangi a nan, don haka na zo da kaina, ka yi haƙuri. Lokacin da na zo ƙasarku ba na iya magana da kowa. 'Yarka ta koya min. Wata takwas ina tara kalmomi saboda yau. Ina son Vasemaca. Ina roƙon ka ba ni ita."

Wata takwas ina jiran in ji wannan. Ga shi na ji, a gaban mutum ashirin, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Dariyar da ke falon ta mutu. Momo Apakuki ya sunkuyo a hankali, ya ƙura wa haƙorin ido, ya kai yatsa kusa da jan zaren bai taɓa ba.

"Wannan igiyar," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "mahaifina ne ya kitsa ta da hannunsa. Wannan ɓantarar kuma ni na yi ta ina yaro, na sha duka a kanta." Ya juya ga Tata. "Aboki, abin da muka damƙa maka mako guda, ya aka yi ya fita gidanka har baƙo ya zo neman 'yar da shi?"

Nana ta ɗora hannu a ka. 'Yan uwan Semesa uku suka miƙe tsaye a lokaci guda, abin da ba a yi a gaban akushin kava.

"Ɓarawo ne!"

"Ku fito min da shi waje!"

"Ku zauna," in ji Semesa. Bai ɗaga murya ba, amma suka tsaya inda suke. Ba su dai zauna ba.

Kosuke bai ji yarenmu ba, amma ya ji sautin. Tata ya dube shi ya yi masa Turanci a hankali.

"Saurayi, wa ya ba ka wannan?"

Sai a lokacin ya waiwayo ya neme ni. Ya ga fuskata sharkaf da hawaye, ya ga Semesa da farar rigarsa, ya ga tsohon da ke nuna igiya. Na ga lokacin da ya gane.  Ya mayar da kai ga Tata.

"Ba kowa. Ni na ɗauka. Vase-san ba ta sani ba."

Kun ji mutum. Ga ƙarti uku a tsaye a kansa, kowanne cinyarsa ta fi ƙugunsa, ga maganar 'yan sanda da kora daga ƙasa da na san za ta biyo baya, shi kuma ya miƙa wuya. Ƙofa ce ya buɗe min. In na yi shiru, shi ne ɓarawon da ya lallaɓa gidan mutane, ni kuma 'yar kirki. Nana ta kafe ni da ido tana roƙona da shi in rufe bakina.

Tsoro bai sake ni ba, kada ku zata jarumta ce. Muryar da ta fito ma ban gane tawa ce ba.

"Ƙarya yake, Tata. Ni na buɗe akwatinka. Ni na ba shi."

Wata daga cikin matan dangin Semesa ta dafe ƙirji ta ce wayyo. Semesa ya rufe ido ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi min zafi da a ce ya zage ni. Nana ta tashi ta shige kicin, na ji faɗuwar tukunya.

Tata bai kalle ni ba. Ya daɗe yana duban tabarma, babban yatsansa na bin saƙar kabar. Sannan ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Momo Apakuki, ya sauke kansa ƙasa, ƙasa sosai, yadda ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗan Adam ba. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Vasemaca."

"Na'am, Tata."

"Je ki ɗauko min namu, na mahaifina." Wato wanda ya ce zai ɗora in amsata a'a ce. "Ai kin san inda makullin yake."

Na tashi a duƙe, zanina na harɗe min ƙafa. A bayana Kosuke na nan durƙushe, haƙorin a tafin hannuwansa, hannuwan a miƙe sun fara karkarwa saboda nauyi. Har na shige ɗakin Tata, ba wanda ya karɓa.